Abin da Gina Samfurin Kogin Haɗejiya Ya Koya Mini Game da Ingancin Aiki

Aikin da aka ɗora wa ƙungiyarmu shi ne gina samfurin kwamfuta na rabon ruwan Kogin Haɗejiya, wato lissafin da zai kwaikwayi tafiyar ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, ya ratsa Wudil zuwa Haɗejiya, ya bazu a dausayin da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, kafin ragowarsa ta haɗu da ruwan Jama'are ta nufi Gashuwa. Mun yi amfani da manhajar WEAP, wadda Cibiyar Nazarin Muhalli ta Stockholm ta samar, kuma koyon sarrafa ta bai ba mu wahala ba. Abin da ya ci mana lokaci shi ne tabbatar da cewa alƙaluman da take fitarwa sun isa a yanke hukunci da su a kan ruwan shan Kano, da noman ranin Kadawa, da rayuwar masunta da makiyayan da ke ƙasan kogin.

Kafin mu kunna kwamfuta, na nace mu zauna da waɗanda suka ba da aikin, mu rubuta tambayarsu a takarda. Wannan tsari ba namu ba ne. Hukumomin ruwa na Holan sun fitar da jagorar kyakkyawan aiki a wannan fanni tun 1999, sannan shirin HarmoniQuA, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa daga 2002 zuwa 2005, ya kasa aikin samfuri zuwa matakai 5, kuma na farkonsu shi ne tsara abin da ake son cimmawa. Tambayar da muka amince a kanta ita ce: idan aka ƙara ɗibar ruwa a saman kogin, nawa ne zai isa Gashuwa a kowane wata, musamman a shekarun ƙarancin damina? A zaman nan kuma muka rubuta iyakar kuskuren da za a yarda da shi. A ganina wajibi ne a yi hakan tun kafin a ga sakamako, domin da zarar sakamako ya fito, kowa sai ya nemi lanƙwasa ma'aunin don ya dace da abin da ya samu.

Bayanan kogi su ne inda na fi samun darasi. Mai karanta sandar awo a bakin gada tsayin ruwa kawai yake rubutawa. Yawan ruwan da ke wucewa a kowane sakan, sai an fitar da shi ta wani jadawali da ke danganta tsayi da yawa, kuma jadawalin yana aiki ne muddin siffar kogin ba ta sauya ba. To amma siffar Kogin Haɗejiya ta sauya ƙwarai. Tun da madatsun suka sa ruwa yana gudana duk shekara, ciyawar kacala ta mamaye hanyoyinsa, laka ta taru a gindinta, har ruwa yakan tashi a sanda ba tare da yawansa ya ƙaru ba. Toshewar tsohuwar hanyar kogin kuma ta karkatar da ruwa mai yawa zuwa mashigin Marma da ke bi ta Nguru. Wanda duk ya ɗauki tsohon jadawali ya ɗora a kan sabon awo, zai saita samfurinsa ne da ruwan da bai taɓa wucewa ba. Saboda haka muka rarraba bayanan gwargwadon amincinsu, muka sa alama ta daban a kan duk watan da muka cike giɓinsa da kiyasi, muka kuma auna alƙaluman ruwan sama na CHIRPS, waɗanda ake kiyastawa da taimakon tauraron ɗan adam kuma suka faro daga 1981, da na tashoshin ƙasa kafin mu karɓe su.

Wajen saita samfuri, wato daidaita lambobinsa har sakamakonsa ya dace da awon kogi, ma'aunin da aka fi sani shi ne wanda Nash da Sutcliffe suka gabatar a 1970, inda 1 ke nufin cikakkiyar dacewa, 0 kuma ke nufin samfurin bai fi matsakaicin awo amfani ba. A kogunanmu wannan ma'auni yana da saurin ruɗi, domin kusan duk lissafin da ya san ruwa yana cika a Agusta da Satumba, yana janyewa da rani, zai sami maki mai kyau, alhali ma'aunin ya fi ba manyan ruwaye nauyi, mu kuwa ƙaramin ruwan rani ne damuwarmu. Don haka muka auna watannin rani su kaɗai, muka kuma duba jimillar ruwan shekara.

Daga nan muka bi shawarar da masanin ruwa Vit Klemes ya bayar a 1986, cewa samfurin da za a yi hasashen fari da shi, a saita shi da shekarun damina mai albarka, a gwada shi da shekarun fari waɗanda bai taɓa gani ba. Mun zaɓi 1983 da 1984, kuma tilas muka cire madatsar Challawa daga lissafin wannan lokaci tunda ba a gina ta ba a sa'ad nan. Samfurin ya kai Gashuwa ruwa fiye da wanda aka auna. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi ta murɗa lambobi har layin samfurin da na awo su haɗu, amma mun zaɓi komawa ga tsarin kansa, muka danganta ruwan da ke ƙafewa da wanda ke tsuma ƙasa da faɗin fadamar da ta cika, sannan muka sake saiti da gwaji daga tushe.

Duk wannan ya shiga littafin aiki: lambar kowane gwaji, abin da aka sauya, dalilin sauyawa, da wanda ya yi. Wani masani daga waje ya karɓi littafin da bayanan, ya maimaita lissafin ba tare da mun ce masa uffan ba. Tambayarsa mafi amfani ita ce ko akwai wani saitin dabam da zai dace da awo daidai da namu. Akwai kuwa, har fiye da ɗaya, kuma hasashensu ya sha bamban. Wannan ne ya sa kowane adadi a rahotonmu ya zo da iyakarsa ta sama da ta ƙasa.

Bayan mun miƙa rahoto, an nemi mu yi amfani da samfurin wajen nuna unguwannin da ambaliya za ta shafa a garin Haɗejiya, muka ce ba zai yiwu ba. Lissafinsa na wata-wata ne, ba a kuma gwada shi a kan tsayin ambaliya ba. Wannan aiki yana buƙatar manhajar lissafin tsayin ruwa irin HEC-RAS, da sabon safiyon cikin kogi da jingarsa, da awon ruwa na kowace rana, kuma a kan haka muka rubuta musu shawarar aiki na biyu.