Ƴar na'urar da aka ɗaura wa Baba

Wallahi jiya sai da na yi ƙwalla. Tunda Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki muke jigilar zuwa gashi Kano daga ƙauyenmu na wajen Ringim, in mun dawo gida kuma bamu san ko daidai yake motsa hannun ba. Sai ga ƙanina da abokansa ɗaliban injiniya da furojet ɗinsu, ƴar na'ura kamar agogo mai auna ɗagawar hannu. Suka ɗaura masa a tsintsiya, in ya kai inda likita yace sai ta girgiza, waya ta ƙirga. Sau 12 ya ɗaga yana zaune kan tabarma, Inna sai kabbara take. Batirin ne dai baya jimawa, gashi bamu da wuta. Allah yayi muku albarka samari.