Yaron da ya daina fara'a a resafshan

Shekara 11 ke nan ina riƙe da ɗan masaukin baƙi a nan cikin garin Sakkwato, ɗaki 14 ne da kicin ƙarami, ma'aikata 9 har da mai gadi. Yawancin baƙinmu 'yan kasuwa ne masu bin hanyar Illela, da masu jinyar 'yan uwansu a asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo, sai iyayen ɗalibai jefi jefi. A sana'ar ga gado da fanka kowa na da su, abin da ke maido da baƙo shi ne fuskar da anka tarbe shi da ita. Mutum ya shigo ƙarfe ɗayan dare da ƙurar hanya yana faɗa don ruwa bai zo ba, dole yaro ya ce sannu Alhaji, a yi haƙuri Alhaji, ko da zaginai anka yi. Kuma wallahi na yi shekaru ban taɓa tsayawa na tambayi kaina shi mai ba da haƙurin ina yake kai nasa ɓacin ran ba.

Wani yaro ne ya buɗe min ido. Ɗan wajen Sabon Birni ne, shekara huɗu muna tare, irin yaran nan da baƙo ke tambaya da suna in ya dawo. Sai na ga ya canza, ya fara manta canjin mutane, ya ba mutum biyu makullin ɗaki guda, a yi mai magana sau uku yana kallon bango. Rannan ya saki tire cike da kofuna a gaban baƙi. Ni a raina na gama yanke cewa ƙarshen wata zan sallame shi, don abin da na ɗauka shaye-shaye ya fara. Tsohuwar da ke mana girki, wadda duk muke kira Inna, ita ta tare ni bayan kicin ta ce Alhaji ka ko tambaye shi lafiya? Ashe wata biyu ke nan 'yan bindiga sunka ɗauke mahaifinsa a gona, ana ta kiran waya ana cinikin kuɗin fansa, shi kuma kullum wayar na aljihunsa yana jiran ta yi ƙara yana kuma rubuta wa baƙi rasit. Da na kira shi ofis na ce ɗana mi ya hana ka faɗa min, sai ya ce Baba tsoro nake ji a ce ba zan iya aiki ba a kawo wani, albashin nan kuwa shi ake tarawa. Abin ya daɗe yana cina, yaro na ƙarƙashina wata biyu cikin wannan hali amma tsoron rasa aiki ya fi masa ƙarfi a kan ya buɗe min baki.

Mun yi karo-karo, na ba shi adibas da hutun sati biyu ba tare da an taɓa albashinsa ba, kuma Allah Ya sa tsohon ya dawo da rai. Amma shi yaron bai dawo daidai ba, ba barci, babur ya yi ƙara a waje sai ya firgita, abinci sai an matsa mai. An yi addu'a an yi rubutu, ba mu bar wannan ba, amma na ce mu haɗa da asibiti. Da na ambaci Kware kuka ya fashe da shi ya ce Baba ni mahaukaci ne? Ka san a nan garin in anka ce a kai ka Kware zagi ne, alhali asibitin ƙwaƙwalwa ne na gwamnatin tarayya da likitoci masanan damuwa da rashin barci da firgita, yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su karɓi magani su koma gida. Ni na tuƙa shi a motata, ban faɗa wa kowa ba sai Inna. Likitan ya daɗe yana sauraronsa, ya ba shi magani da ranar dawowa, cikin 'yan watanni ya fara komawa yadda muka san shi.

Daga nan na fara duba sauran da idon basira, na ga wasu abubuwan ni ne sanadinsu. Yaron dare na yin awa 24 a jere in abokinsa bai zo ba, ashe tiramol yake haɗiya don kada barci ya ɗauke shi, ni kuma ina yabonsa wai ba ya gajiya. Na ɗauki ƙarin mutum ɗaya duk da kuɗin na da nauyi, na ce ba wanda zai sake wuce awa 12, kuma kowa na da yini guda a sati wanda ko gini na cike da baƙi ba a kiransa. Kicin kuwa sai wanda ya shiga a watan Afrilu, waje zafi ya haura 40 ciki ga murhu uku, ga azumin 2023 da na 2024 duk a tsakiyar zafin nan sunka faɗo, mata na soya ƙosai da dankali na buɗa baki baki a bushe tun la'asar. Mun fasa bango munka ƙara taga, girki mai nauyi ya koma da asuba, kuma su ake fara zuba wa kunu kafin a kai wa baƙi.

Maganar kuɗi ba a raba ta da kwanciyar hankali. Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin Keke daga Mabera ko Arkilla ya cinye musu rabin abin da suke samu, mu kuma dizal na cinye mu, ga iyakar Nijar da anka rufe bayan juyin mulkin Yuli ta rage mana baƙi sosai. Da gwamnati ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024 ban iya kai kowa can lokaci guda ba, na zaunar da su na buɗe musu littafi sunka ga shiga da fita, munka yarda a riƙa ƙarawa a hankali, abinci sau biyu a nan, albashi kuma ranar 28 ko da rance zan yi. Jinkirin albashi na kwana biyar ga mai haya da ɗiya huɗu ciwo ne babba.

Sai abu guda da ya jawo min asarar kwastoma, na hana zagin ma'aikaci. Wani babban mutum ya taɓa ɗaga hannu zai mari mai gyaran ɗaki don tawul, na mayar mai da kuɗinsa na ce ya nemi wani wuri, yarinyar har yau tana nan. Yanzu duk Juma'a bayan an sauko masallaci mukan zauna ƙarƙashin dogon yaro mu sha shayi, mata kuma sun fi sakewa da Inna don haka ita ke kawo min nasu. Yaron Sabon Birni shi ke riƙe da resafshan gaba ɗaya yanzu, kuma satin da ya wuce shi ya zo ya raɗa min cewa sabon mai wanki kwana uku bai ci abincin rana ba, in kira shi in ji.