Wai fita waje da yara tana buɗe musu ido?

Duk lokacin da dogon hutu ya ƙarato sai gardamar nan ta taso, wasu su ce kai yara ƙasar waje ɓarnar kuɗi ce kawai tunda ba abin da za su tuna, wasu su ce ai tafiya mabuɗin ilimi ce. Ni dai a ganina hawa jirgin kaɗai ba ya canza yaro, abin da ya ji iyayensa suna faɗa a can shi ne yake dawowa da shi gida.

Masu cewa ba za su tuna ba suna da tasu gaskiyar. Yawancinmu ba ma iya tuna abin da ya faru kafin shekara 3 zuwa 4, to in kin ɗauki jaririn da bai kai shekara 2 ba, wanda ko kujera ba lallai a saya masa ba a cinya ake riƙe shi, hutun naki ne ke da babansa, kar ma a jingina wa yaro. Amma daga shekara 6 ko 7 labari ya sha bamban.

Kuma abin mamaki ba abin da aka kai su gani ne yake zauna musu ba. Kai ka tsaya a gaban Ayasofiya a Istanbul kana ta zuba bayani, an gama ginin a shekarar 537, coci ne, ya koma masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi, a 2020 ya sake zama masallaci, kana juyowa yaronka yana can tsugune gaban wata mage yana tambayar wa ya ajiye mata kwanon ruwa a bakin titi alhali ba ta da mai ita. Ko ku shiga jirgin ruwa ku tsallaka Bosforus, mashigin ruwan da ya raba Istanbul gida biyu, ƙasa da rabin awa kun bar Turai kun shiga Asiya ba tare da kun bar garin ba, darasin da malamar jogurafi ta yi ta fama bai shiga ba yau ya shiga. A Landan cikin watan Yuni ƙarfe 9 na dare rana ba ta faɗi ba, ki ce yaro ya kwanta ya ce wlh dare bai yi ba, kuma fa bai yi ƙarya ba. Yaron da ya ga ɗaliban Japan da kansu suke share ajinsu zai yi wuya ya ci gaba da ɗauka cewa shara aikin wasu mutane ne can. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ne suke nuna masa cewa yadda ya saba gani ba ita ce kaɗai hanyar rayuwa ba.

Toh amma akwai ɗaya fuskar da ba a cika son faɗa ba. Na san yaran da fasfonsu ya cika da hatimi amma ba abin da suka ƙaru da shi sai girman kai, daga filin jirgi sai otal, daga otal sai kantin sayayya, sai hotuna, su dawo suna yi wa 'yan ajinsu kallon ƙauyawa. Laifin namu ne manya. In uba ya wuni yana cewa kai mutanen nan ƙazamai ne, ko kuma akasin haka komai ya gani sai ya ce mu ai mun shiga uku ba za mu taɓa kai nan ba, yaro yana kwashewa tsaf. Yana kallon yadda kika yi wa mai gyaran ɗaki magana, ko kin gaishe ta ko kin wuce kamar bango.

Inda ya fi ba ni wuya shi ne layin duba fasfo. A filayen jirgin Turai masu fasfon Tarayyar Turai layinsu daban, suna wucewa fit-fit, sauran duniya kuma a tsaye ana tambayar ina za ku sauka, yaushe za ku koma, ina tikitin dawowa. Yaro ɗan shekara 8 zai lura, kuma sai ya tambaya da ƙarfi a gaban jami'in. Wasu iyayen su daka masa tsawa, wasu su ce ai sun fi mu ne. Ni na fi son a bari sai an wuce a zauna a faɗa masa yadda abin yake, cewa yarjejeniya ce tsakanin gwamnatoci, kuma su ma in sun je wasu ƙasashen sai sun nemi biza sun bi layi.