Godiya ga duk wanda ya zo zamanmu kan Michael Bloomberg

Alhamdulillah, zaman tattaunawarmu ya gudana lafiya, kuma wallahi ban san da wane baki zan gode muku ba. Waɗanda suka rufe shaguna suka zo, da ɗalibai, da iyayenmu da suka zauna har ƙarshe duk da mun ci lokaci, Allah ya saka da alheri.

Malaminmu da ya gabatar da tarihin, Allah ya ƙara basira. Da yawa cikinmu sunan Bloomberg kawai muke ji, ba mu san a 1981 sallamarsa aka yi daga bankin zuba jari na Salomon Brothers ba bayan shekara 15 yana musu aiki, aka ba shi dala miliyan 10, shi kuma maimakon ya kwanta ya ci sai ya zuba a kamfanin da ke sayar wa 'yan kasuwar hannun jari bayanai ta kwamfuta, abin da ya zama kamfanin Bloomberg ɗin yau. Daga nan sai kujerar magajin garin New York, aka zaɓe shi a Nuwamba 2001, ko wata biyu ba a yi da harin 11 ga Satumba ba, ya riƙe garin daga 2002 har ƙarshen 2013, albashinsa dala 1 a shekara, shi ya hana shan sigari a gidajen abinci da mashaya.

Amma godiyata ta musamman ga 'yar'uwarmu da ta miƙe ta ce a daina yabo haka nan, a faɗi yadda 'yan sanda a zamaninsa suka riƙa tare matasa baƙar fata da 'yan Latino (masu asali daga Latin Amurka) a titi suna caje su, abin da shi da kansa ya nemi afuwa a kai a 2019. Hajiya kin kyauta, ke kika raya zaman. Haka Alhajin da ya tono maganar canza doka a 2008 don Bloomberg ya samu zango na uku, ya kuma kashe sama da dala miliyan 100 daga aljihunsa a kamfen ɗin. Ni dai nan ne abin ya tsaya min a rai, mai kuɗinsa ba ya da ubangida a siyasa, gaskiya ne, to amma talaka mai basira ta ina zai kara da shi?

Matasan da suka jera kujeru da mai kula da lasifika, sannunku da ƙoƙari. Wanda bai samu damar yin tambaya ba ya yi haƙuri, da shi za mu fara a zama na gaba in sha Allah.