Gwajin dare ne ya cuce ni

A takarda aikin ba shi da wuya. Zauren baje kolin fasaha na kwaleji, tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 6. Majigi ɗaya yana haska bango, kyamara a maƙale a silin tana kallon ƙasa, lasifika huɗu a kusurwoyi. Idan mutum ya shigo, siffarsa ta tarwatsa hoton ruwan da ke bango, motsinsa kuma ya juya sautin: tafiya a hankali ta jawo amo mai kauri, wurga hannu ya daddatsa muryar da aka naɗa ta koma gutsi-gutsi. Ba sabon abu ba ne, David Rokeby ya yi irinsa a Kanada tun shekarun 1980. Manhajar TouchDesigner ke riƙe da hoto, manhajar Pure Data ke riƙe da sauti, suna aika wa juna lambobi ta OSC, wata hanyar aika saƙo tsakanin manhajoji, a kwamfuta ɗaya.

Tarkon da kowa ke faɗa na kauce masa. Kyamarar da ke ganin hasken majigi takan ɗauki hoton da ke motsi a matsayin mutum, sai abin ya yi ta amsa wa kansa. Don haka na sa kyamarar infirared, wato hasken da ido ba ya gani, mai gilashin da ke tare hasken da ido ke gani, na rataye fitilun infirared huɗu masu nanomita 850 (ma'aunin tsawon zangon haske) don su haska ƙasan zauren. Manhajar takan ɗauki hoton zauren babu kowa ta ajiye, duk abin da ya bambanta da wannan hoton to mutum ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne, sai bayan an tashi daga aiki ake ba ni mabuɗin zauren. Dare shida na yi ina gwaji, ni kaɗai, fitilun zauren a kashe. Komai ya tafi daidai, har na fara jin kaina.

An buɗe baje kolin da ƙarfe biyu na rana. Akwai wata taga can sama a bangon yamma, an rufe ta da baƙin labule, ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba. Hasken rana cike yake da infirared, kuma yadi da yawa da ido ke gani baƙi wuluk ba sa tare shi. A wurin kyamarar, wani ƙaton mutum mai kusurwa huɗu ne kwance a tsakiyar zauren. Gajimare ya gifta, mutumin ya motsa. Aka kuma kunna fitilun halojin na kan hanyar shiga, su ma infirared suke fesowa. Ga shi na bar kyamarar tana daidaita haskenta da kanta, duk lokacin da ta gyara sai hoton gaba ɗaya ya bambanta da wanda aka ajiye, manhajar ta ga zauren ya cika maƙil.

Sai kuma mutanen gaske. Na ɗaure ƙarfin sauti da jimillar motsin da ke zauren, na auna ma'aunin da jikina ni ɗaya. Mutum biyar sun isa su kai shi ƙurewa, ranar kuwa sun haura talatin. Abin da ya fito ƙara ce tsagwaronta, babu wanda ya iya gane motsinsa a ciki. Ban sa abin taƙaita sauti a ƙarshen layi ba, saboda da dare bai taɓa kusantar jan layin ma'aunin sauti ba. Ƙaramin bakin lasifika ɗaya ya ƙone kafin na kai ga maɓallin. Kwana biyu daga cikin bakwai suka tafi a gyara.

Tagar na toshe da takardar alminiyam, na ɗora baƙin kwali a kai. Ƙwayayen halojin aka musanya da na LED. Na kulle hasken kyamarar da hannu. Hoton zauren da ake kwatantawa da shi na mai da shi mai sabunta kansa sannu a hankali, cikin kamar minti uku, don ya haɗiye sauyin haske. Wannan yana da nasa aibin: wanda ya tsaya cik na tsawon lokaci sai ya ɓace daga bango. Masu kallo sun ɗauka da gangan ne, ban musa musu ba. Da zan sake, fitilu masu nanomita 940 zan saya da gilashin da ya dace da su, domin tururin ruwan da ke iska yana shanye wani kaso na hasken rana a daidai wannan zangon, ko da yake kyamara ba ta ganin hasken wannan zangon sosai, sai an ƙara fitilu.

A ɓangaren sauti na raba ƙasan gida 12, huɗu a tsaye uku a kwance, kowane gida da muryarsa, kuma siffofi huɗu mafi girma kaɗai manhajar ke bi. Lambobin motsi na lallausa su da milisakan 50 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) don su daina rawa. Kada a zarce da yawa: kyamara mai ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa ta riga ta ci milisakan 33, majigi ya ci nasa, kuma da jinkirin ya wuce kamar milisakan 100 na lura mutane sun daina yarda cewa su ne ke kiɗan.

Na ɗauka an gama, sai a rana ta huɗu aka kira ni wai akwai fatalwa a bango. Mai kula da zauren takan kunna kwamfutar da safe, manhajar ta ɗauki hoton farko tana tsaye a ciki, sai gurbinta ya zauna a matsayin mutum har ya narke. Safiya ma ban taɓa gwada ta ba. Na sa jinkirin daƙiƙa 60 kafin ɗaukar hoton, na manna takarda a jikin kwamfutar: kunna, fita, ƙirga sittin.