Na je Samarkand ziyara, na dawo da waƙa a kunne

Abin da ya kai ni Uzbekistan dai ziyarar kabarin Imam Bukhari ne, a ƙauyen Hartang kusa da Samarkand, ban je neman waƙa ba wallahi. Daga Tashkent na hau jirgin ƙasan nan mai gudu da suke kira Afrosiyob, awa 2 da 'yan mintoci mun isa, kuma sunan ma na wani sarki ne na almararsu ta dā.

Bayan ziyara, da daddare ɗalibin da ke mini tafinta ya ja ni gidan shan shayi, wai dole in ji bakhshi, wato mawaƙin baka, wannan daga Surkhandarya ya zo da ɗan molonsa mai tsirkiya biyu, dombira. Kai jama'a! Muryar daga can cikin maƙogwaro take fitowa kamar ana jan dutse, ban fahimci ko kalma ɗaya ba amma tsigar jikina ta tashi. Labarin Alpomish yake rerawa, jarumin da abokan gaba suka jefa cikin rami ya yi shekara 7 a ciki, matarsa Barchin na gida tana jira, har ya kai ga ɗaura wasiƙa a jikin dinyar daji ta kai wa 'yan uwansa. Da aka zo wajen dinyar nan wani dattijo kusa da ni ya sa hannu ya rufe fuska, shayinsa ya huce bai taɓa ba.

A hanyar masauki yaron yake ce min, yallaɓai, marubutanmu na zamani daga rijiyar nan suke ɗiban ruwa, in kewa ta ishi mutum ko zalunci ya dame shi, sai ya ɗora wa tsuntsu ko jarumin tatsuniya su faɗa a madadinsa. Ni na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don a ƙasar da aka harbe mawaƙi Cholpon a 1938, wa zai fito ya yi kuka da sunan kansa? Shi labarin Alpomish ɗin ma bai tsira ba, a 1952 hukumomin Tarayyar Sobiyet, masu mulkin Uzbekistan a lokacin, sun yi tir da shi, sai daga baya aka wanke shi.

Da na koma Tashkent na sauka musamman a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai sunan Hamid Olimjon, wanda ya mayar da tatsuniyar tsuntsuwa Semurg doguwar waƙa. Ya rasu a haɗarin mota a 1944, matarsa Zulfiya, ita ma babbar mawaƙiya, ta rayu har 1996 tana rubuta kewarsa. Shekara 52 kenan fa, Barchin 7 ta jira kuma nata mijin ya dawo. Na zauna kan benci jirgi uku suka wuce ban shiga ba.