Kukan da na yi wata 4 ina jira

Yau da yamma 'yata ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa ta faɗi, gwiwarta ta ɗan kuje. Ta ɗago kai ta dubi mutanen da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ta wuce kowa, ta taho da gudu ta faɗa jikina tana kuka iya ƙarfinta. Wallahi ban san lokacin da nawa hawayen suka zubo ba. Wata 4 ke nan da muka karɓe ta riƙo, shekararta 2 da 'yan watanni, kuma ban taɓa jin ta yi kukan neman lallashi ba. In ta faɗi sai ta miƙe shiru, ta koma lungu ta sa yatsa a baki. Mutane sai yabonta suke yi, wai yarinya mai haƙuri, ba ta da rigima. Ni kuwa shirun nan ne yake hana ni barci, domin yaron da ya saba yin kuka ba mai zuwa, daina kukan yake yi.

Na rungume ta, ta damƙe wuyan rigata da hannu biyu tana ajiyar zuciya har barci ya ɗauke ta. Hannuna ya sage, amma na kasa kwantar da ita. Har yanzu ba ta kira ni Mama ba, ban kuma matsa mata ba. Yau dai da ta ji ciwo, ni ta nema.